Riyal Ya Shigo, Gona Ta Fita

Akwai wata tambaya da ba a yi a unguwar nan, kuma rashin yin ta ya fara cin mu. In aka ce ɗan wane ya tafi waje, abin da ake tambaya shi ne, "Ya fara aike?" In an ce ya fara, sai a ce madalla, yaro ya yi albarka. Ba mai cewa da wace biza ya shiga, me aka sayar aka biya masa jirgi, wane aiki yake yi, a ina yake kwana. In mace ce ma sai a ƙara yin shiru, don kowa na tsoron amsar. Mu da muke zaune a Sabo, tsakanin teburin 'yan canji da tashar motocin Arewa, muna ganin kuɗin nan lokacin da suke shigowa, muna kuma ganin inda suke ƙarewa in mun je gida da salla. Saboda haka ba mu da uzurin cewa ba mu sani ba.

Kada wani ya tashi ya ce mun haramta neman halal a ƙasar wani. Wa zai faɗi haka a Sabo? Unguwar nan da aka kafa a 1916 baƙi ne suka cika ta, masu shanu da masu goro, kafin su kuma akwai fataken da suka yi ta taka ƙasa zuwa Gwanja da jakuna. Danginmu na Kumasi, suna Yawunde, suna Sudan tun bayan yaƙin Burmi na 1903, da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka wuce gabas suka kafa Mai Wurno. Bahaushe da tafiya tare aka haife su.

Amma a tuna yadda waccan tafiyar take. Mai shanu in ya taso daga Arewa ya san gidan da zai sauka a Badun tun kafin ya ɗaura kaya. Mai gida ne zai ba shi ɗaki da abinci, shi zai haɗa shi da dillali, shi zai tsaya masa in mahauci ya karɓi sa bashi. In mahaucin ya gudu da kuɗi, mai gida ne zai san yadda ya yi don kada sunansa ya ɓaci. La'ada sananniya ce, ba a ɓoye ta. Dillalin da ya ci amana, kafin jirgin ƙasa ya kai Kano labarinsa ya riga shi. Mutum yana tafiya da haja, ya dawo da riba ko da faɗuwa, amma shi kansa nasa ne. Tafiyar da ake tura yaranmu yau babu haja a cikinta. Yaron ne hajar, yarinyar ce hajar, kuma wanda ya sayar da su ba ya tsaya musu a ko'ina.

Ana yawan kawo mana lissafi a rediyo. Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya mazauna waje sun aiko da wajen dala biliyan 19 da rabi a 2023, kusan kashi ɗaya cikin uku na duk abin da ya shigo ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Gwamnati na son kuɗin nan har a 2021 Babban Banki ya riƙa ƙara naira 5 a kan kowace dala da aka aiko ta hanyar da hukuma ta amince. To, kuɗin wa ne? Masu canji a nan sun fi Bankin Duniya sanin fuskar masu kawo su. Tsohuwa ce Bayarabiya da ɗanta ke aikin jinya a Ingila, ko magidanci da 'yarsa ta gama jami'a ta wuce Amurka ko Kanada. Su suna ce wa tasu tafiyar "japa", ita ma tana da nata ciwon, ku tambayi asibitocin garin nan likitoci nawa suka rage musu. Amma sun tafi da takarda a hannu, da bizar aiki ko ta karatu, da albashin da aka rubuta, in an zalunce su akwai ofishin da za su kai ƙara. Namu fa? Namu sun tafi da bizar Umra da niyyar maƙalewa, ko a bayan Hilux daga Agadas, ko da fasfon da za a karɓe musu da zarar sun sauka. Ana zuba su duka a buhu ɗaya ana ce musu mazauna waje, alhali wancan ma'aikaci ne, wannan kuwa ɓuya yake.

Ba za mu ce babu abin da ke jan su ba. Riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 dala ɗaya, shekara da shekaru bai motsa ba. Naira kuwa da aka sake ta a watan Yunin 2023 ta taso daga wajen 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 kafin a yi shekara. A ce yarinya tana aikatau a Jidda ana ba ta riyal 1,000 a wata. Dala 266 ke nan da 'yan kai, a canjin 2024 wajen naira 400,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne. Uwar da ta ji wannan lissafi a gidan biki, ta dawo ta tarar ba garin tuwo, me kake so ta saƙa a ranta? Lissafin gaskiya ne, sai dai rabinsa aka gaya mata.

Ɗaya rabin shi ne abin da aka fitar kafin riyal ɗin farko ya shigo. Ejan ba ya karɓar addu'a. Fasfo, biza, tikiti, da abin da yake kira "na hanya", duk a dunƙule, miliyoyi. Mutumin ƙauye ba shi da miliyoyi, gona yake da ita. Sai a jinginar, ko a sayar, ko a kai shanun huɗa kasuwa. In ejan ne ya ranta, to ya fi muni: wata shida, shekara, wani lokaci fiye, duk abin da yarinyar ta samu nasa ne, kuma shi ke riƙe da lissafin, ba takarda ba shaida. Ba ta da iƙama, saboda haka ba ta isa ta kai ƙarar uwar ɗakin da ta hana ta albashi ba, ba ta isa ta buɗe asusu ba, in ciwo ya kama ta sai jiƙe-jiƙe a ɗaki. Kuɗin ma sai ta ba wani a hannu ya aiko, shi ma ya yanki nasa. Ko ta halastacciyar hanya, aike zuwa wannan yanki namu na Afirka ya fi na ko'ina tsada a duniya, kusan kashi 8 cikin 100 a kan dala 200 a lissafin 2023. Ranar da aka tare ta a hanya, sai Shumaisi, sai ɗaukar zanen yatsa, sai jirgi. Ta sauka a Kano da leda ɗaya. Gonar kuwa tana hannun wanda ya karɓi jingina, ya riga ya yi shuka.

To bari mu ɗauki wanda ya dace, bai shiga hannu ba, yana aike wata-wata. Me kuɗin ke yi a gida? A nan muna da ta cewa, domin mu ma 'yan aike ne. Shekara ɗari ke nan Sabo tana tura kuɗi Kano da Katsina da Sakkwato da Damagaram, a da a hannun direba, yanzu a waya. Mun san kiran da ke zuwa bayan isha'i, mun san gaisuwar da take ƙarewa da "dama".

Duk wanda ya je gida kwanan nan ya gani: a tsakiyar gidajen ƙasa sai ga bene ya tsaya, da tayil har waje, da babbar ƙofar ƙarfe, a kulle. Mai shi bai taɓa kwana a ciki ba. Gini ba haramun ba ne, magina da masu siminti sun ci abinci. Amma gini in an gama shi ya gama ba da aiki, abin da ya bari a gari shi ne farashi. Filin da a da ake ba mutum don zumunci, ko a sayar masa kuɗin 'yan tumaki, yanzu an ji mai riyal na nema, sai a kafa masa farashin riyal, kuma farashin ba ya sauka in ya gama saye. Malamin makarantar da ya shekara ashirin yana koyar da 'ya'yan garin ba zai iya mallakar inda zai yi ɗaki biyu ba. Gonakin bakin gari an yanka su fuloti-fuloti an kafa duwatsu, ba noma ba gini, suna jiran wani mai aike.

Sai aure. Lefen da ɗan Saudiyya ya aiko, akwatuna jere da ɗan kunnen gwal, shi ya zama ma'auni. Saurayin da ya zauna yana noman rani, yana da rufin asirinsa daidai gwargwado, in ya aika neman aure sai a ce a dakata tukuna, yarinya ta ga na ƙawarta, uwa ta ga na maƙwabciya. Ana tsayawa a mumbari ana cewa a sauƙaƙa, maza suna gyaɗa kai, a cikin gida kuwa an riga an ƙirga akwatin. Wannan saurayin shi ne zai iso Sabo bayan girbi yana tambayar wa ke yin biza. Kuɗin da aka aiko don a rufa asirin gida ɗaya ya tona na gida goma, kowane daga cikin goman kuma sai ya fitar da nasa ɗan.

Da damina a je a ga su wa ke gona. Tsofaffi ne da yara. Kuɗin ƙwadago ya hau saboda majiya ƙarfi sun tafi. Gidan da ke da mai aike zai iya biya, wanda ba shi da shi ya rage abin da yake nomawa. Wani gidan mai aiken ma ya daina noman gaba ɗaya, me za a wahala tunda ƙarshen wata waya za ta yi ƙara? Ƙannai uku, huɗu, garada majiya ƙarfi, suna zaune a gindin dalbejiya da manyan wayoyi suna musun ƙwallo, suna jiran yayarsu da ke goge banɗakin Larabawa ta turo na cefane. Wallahi wannan abin kunya ne, kuma ba a kiran sa da sunansa saboda kowa na ci. Rumbu ya zama kango, hatsi daga kasuwa ake auno shi, kasuwar da tsadarta ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Nairar da ta cika hannu ranar canji ita ce dai ba ta cika kwano a wurin mai awo.

Akwai gidajen da kuɗin nan ya biya musu asibiti, ya sa yara makaranta, ya haƙa rijiya, ya sayi injin ban ruwa. Mun san su, Allah ya ƙara musu. Amma ku duba da kyau, a irin waɗannan gidaje za ku tarar akwai mutum ɗaya tsayayye mai riƙe da littafi, kuma ba a taɓa gonar ba. Kuɗin ya tarar da abin da zai hau kai ne.

Wanda ba shi da irin wannan mutumin fa? Ƙarar da ta fi yawa a zaurukan malamai yanzu ita ce ta amana. Mutum ya shekara goma yana wa'azin kansa da yunwa a ƙasar mutane, yana turo wa wansa kuɗin gini, ana turo masa hoton bango. Ya dawo ya tarar da harsashi kawai, ko ya tarar an gina amma takardar fili sunan wan ke jiki, matar wan kuma ta riga ta tare. Ka tambaye shi, ina takarda? Sai ya ce, "Haba malam, ai uwa ɗaya uba ɗaya muke." Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take, ɗan aji uku a Islamiyya ya san wannan. Amma ka ce a rubuta, sai a ce kana son raba zumunci. In mai aiken ya rasu a can, marayunsa ne ke ɗaukar asarar, don ba abin da za a sa a rabon gado sai zance.

Matan da aka bari su ma suna zuwa da tasu tambayar. Miji ya tafi Libiya shekara uku, wayarsa ta daina shiga tun shekarar farko, ba gawa ba labari, yaya aurenta? A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Risala, matar wanda ya ɓace tana kai magana gaban alƙali, a bincika, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Wannan in ya bar mata abin ci ne. In bai bari ba, tana da haƙƙin neman rabuwa tun kafin nan. Hukuncin a sarari yake. Amma dangin miji ba sa so ta je, don zuwanta kamar yarda ne cewa ɗansu ya mutu, ga kuma bashin da aka ci don tafiyarsa bai biyu ba. Sai yarinya ƙarama ta zauna, ba ita ga aure ba ita ga zawarci. Inda uwa ce ta tafi, yaran na hannun kaka wadda ido ya riga ya yi rauni, babbar cikinsu ta ɗauki farantin talla. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya shiga lissafin biliyan 19 ɗin can.

Kuma wa ya ce famfon nan ba ya ƙafewa? Dattawan unguwar nan sun ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Mutanen da suka tsufa a zango suka dawo da tabarma da buta, Hausawa da Yarabawa, mutanen Ogbomosho har yau suna ba da labarin. Gwamnatin Shagari ma ta yi wa 'yan Gana haka a 1983, har jakar ta samu suna. A 2011 da aka kifar da Gaddafi, dubun dubatar 'yan Nijar suka kwararo gida hannu rabbana, garuruwan da suka saba da kuɗin Libiya suka wayi gari da ƙarin bakuna ba ƙarin hatsi. A 2013 Saudiyya ta yi kamen marasa iƙama ta kori ɗimbin jama'a. A Afrilun 2023 yaƙi ya tashi a Hartum. Babu ɗaya a cikin waɗannan da aka yi shawara da tsohon da ya sayar da gonarsa.

Wanda yake ganin zuzutawa muke ya tambayi mutanen Kance, a jihar Damagaram, nan bayan Daura. A can ya zama ruwan dare mata su ɗauki yara su tafi Aljeriya bara, su dawo da kuɗin da miji bai taɓa riƙewa ba, maƙwabciya ta gani ita ma ta shirya. A watan Oktoban 2013 motoci suka lalace a hamada bayan Arlit, aka tsinci gawa 92. 52 yara ne, 33 mata. Ƙishirwa ce ta kashe su daf da iyaka. Harshen da muke rubutu da shi yanzu, da shi suka yi kiran ruwa. Tafiyar ta tsaya? Ina fa. Nijar ta yi dokar hana safarar baƙin haure a 2015, direbobi suka koma bin hanyoyin da ba rijiya, sojoji suka soke dokar a Nuwamban 2023, Aljeriya kuma ba ta fasa kwaso mutane tana zubarwa a bakin iyaka wajen Assamaka ba. Abin da ya hana ta tsayawa shi ne gari ya riga ya saba da kuɗin.

Haka Binin ta jihar Edo. A 2016 kaɗai mata 'yan Najeriya fiye da 11,000 suka sauka Italiya ta teku, mafi yawa daga can, da bashin da aka rantsar da su a kai a gidan tsafi. Benaye na tashi a gari, iyaye suna kawar da kai. Sai a watan Maris na 2018 Oba Ewuare na biyu ya tara bokayen ƙasarsa ya warware rantsuwar, ya tsine wa masu safarar a bainar jama'a. Wasu a cikinmu kan taɓe baki su ce ai mu 'ya'yanmu ƙasa mai tsarki suke zuwa. Tsarkin ƙasar ba ya wanke hanyar da aka bi aka shiga. Su dai sarkinsu ya yi magana.

Yanzu mu dawo gida. Ejan ɗin nan ba aljani ba ne. Wasunsu a unguwar nan suke, wasu suna Kano ko Ikko amma suna da 'yan kore a nan. Yana sahun gaba a masallaci, gudummawarsa ta maulidi mai kauri ce, Alhaji ake ce masa. Ba za mu kama suna a takarda ba, wannan aikin hukuma ne da shaidu, amma kowa ya san shagon da ake shiga da fasfo a fito da alkawari. Yara kuwa a sauƙaƙe yake samun su, domin Sabo zango ce: wanda ya zo cirani yana tura baro a Bodija ko yana acaba ya riga ya yi rabin rabuwa da gida, ga filin jirgin Ikko ba nisa. Akwai kuma masu karɓar riyal a Jidda ta hannun wakili su biya naira a nan, su yanka yadda suka ga dama, saboda sun san mai aiken ba ta da bakin magana. Yawancin 'yan canjinmu mutanen kirki ne, sana'arsu ma na cikin abin da ya riƙe unguwar. Su ya kamata su fara tsame waɗannan daga cikinsu kafin a yi wa kowa kuɗin goro.

Sai malamai, kuma a nan ba sassauci. Malamin da aka zo wa da goro da ambulan aka ce a yi wa yarinya addu'ar tafiya Umra, ya san ba Umra ba ce, uwar ta san ya sani, ya shafa fatiha ya sa ambulan a aljihu, me ya yi? Ya ba ejan abin da kuɗi ba sa saye, wato kwanciyar hankalin iyaye. Wanda ya shaida wa hukuma cewa ibada zai je ya dawo alhali niyyarsa maƙalewa ce, alkawari ya yi da niyyar saɓawa, kuma da sunan ɗakin Allah ya yi shi. Ɓarnar ba a kansa kaɗai take tsayawa ba, duk ɗan Najeriyar da zai je ibada da gaskiya sai ya sha tambaya da harara saboda shi. Akwai kuma masu zuga mai aike ya gina masallaci na shida a ƙauyen da ba aji ɗaya mai rufi, ba ɗakin haihuwa, don dai a samu limanci da kwangila.

Za a ce mana, kuma an sha faɗa: Liman, kai kana da shago, kana da rufin asiri, me kake so yaro ya yi? 'Yan bindiga sun hana noma a Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, wanda zai je gona sai ya biya su ko su ɗauke shi. Wanda ya gudo Kurmi, ga abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, jarin shekaru ya zama toka. An cire tallafin mai, komai ya tashi. Duk gaskiya ne. Mutumin da aka ƙone ƙauyensa ba da shi muke ba, wannan gudun rai yake, haƙƙinsa kuma na wuyan masu mulki. Amma wanda aka ƙone wa ƙauye ba shi da miliyoyin ejan. Masu wannan tafiyar galibi daga gidajen da ke da abin sayarwa suke fitowa. Kuɗin da aka tara wa ejan, da yaron ya zo ya ce a ba shi rabinsu ya yi jari, da dangi sun rantse babu. Don tafiya ana samu, don jari ba a samu. Dalilin kuwa ba a ɓoye yake ba: jari nasa ne shi kaɗai, tafiya kuwa kowa na sa ran rabonsa.

Wasu sun fita waje kamar namu, ba boko kamar namu, amma suka yi abin da ya fi. Masu zuwa Kaulaha maulidi sun ji labarin Tuba: 'yan Muridiyya masu tallan jaka da agogo a titunan Italiya da Faransa da Amurka suka riƙa haɗa kuɗi ta ƙungiyarsu har suka gina asibitin Matlabul Fauzaini a garin. Mutanen yankin Kayes na Mali, masu shara da aikin ƙarfi a Faransa, kowane ƙauye da asusunsa, da shi suka yi makarantu da ɗakunan shan magani da rijiyoyi. Su ma suna da benaye a kulle da rigimar gado, ba mala'iku ba ne. Sai dai wani kaso na kuɗinsu yana shiga tukunya ɗaya mai littafi da ma'aji da ranar lissafi. Mu da muka gaji adashi, muka iya tura huhun goro daga Shagamu zuwa Kano bisa amana, me ya sa aikenmu kowa nasa, a ɓoye, kamar kayan sata? Saboda da yawa daga ciki ba a so a tambayi ta inda ya fito.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin unguwa ba. Fadar Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin 'yan canji su zauna su yarda cewa duk mai harkar fitar da mutane waje a Sabo ya zo ya nuna lasisinsa, na Hukumar Alhazai ta ƙasa in Umra yake yi, na Ma'aikatar Ƙwadago in aiki yake samowa. Wanda ba shi da ko ɗaya, a miƙa sunansa ga NAPTIP, hukumar da aka kafa tun 2003 don masu safarar mutane. Kada liman ya shafa fatihar tafiya sai ya ga bizar da idonsa ya san ta mece ce. Mai aiko kuɗin gini ya sa a rubuta, shaidu biyu, kwafi ɗaya a hannun liman. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da muke da su a nan, maimakon taron shan shayi, su buɗe littafin waɗanda suka tafi: suna, ranar tafiya, wa ya kai shi, lambar wani da ke tare da shi. Yau in tsohuwa ta zo daga ƙauye tana kuka ɗanta daga Sabo ya ɓace, ba mai iya gaya mata ko wace ƙasa ya nufa.

Saura masu karɓar jinginar gona don kuɗin biza, kuma wasunsu 'yan kasuwar unguwar nan ne, don su ke da tsabar kuɗi a hannu lokacin da ejan ya matsa. Ka ba da rance, ka riƙe gonar mutum kana nomawa kana kwashe amfanin shekara da shekaru, sannan kana jiran a dawo maka da kuɗinka cif ba ragi. Malamanmu na Malikiyya ba su yi saɓani ba cewa rancen da ya jawo wa mai shi amfani riba ce, ko an canza masa suna an ce taimako. Wanda ke riƙe da irin wannan gona a cikinmu ya zauna ya lissafa damina nawa ya ci, ya cire daga bashin, ya mayar wa masu ita kafin ruwan bana ya sauka.